Karta Biyu da Ƙoƙon Mantuwa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama, ya yi wa kowane kogi gaɓa, ya yi wa kowace tafiya iyaka. Ni Nomau ɗan Jatau, mutumin Tudun Maje, na taka ƙasashen da ba a jin sunansu a kasuwanninmu, na kwana inda tsuntsu ba ya sheƙa, na sha ruwan da ba a ɗiba da guga. Abin da zan faɗa muku idona ne ya gan shi, ba a bakin wani na tsinta ba.

Fari ne ya fitar da mu daga gida, ni da wana Tunau. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa ba ta bar mana komai a rumbu ba, sai wani bafatake ya ba mu labarin wani irin gero da ke birnin Kalambaru, can wajen faɗuwar rana, wanda raɓa kaɗai ta ishe shi ya fid da kai. Muka yi sallama da tsohuwarmu, muka kama hanya. Tunau mutum ne mai sanyin hali da barkwanci. Ni kuwa Allah ya yi ni da zafin kai, kuma duk abin da ke cikina yana kan fuskata. Yakan ce ko akuya ta dube ni ta san abin da na karya da shi.

Mun ratsa wani daji da itatuwansa ke tafiya da zarar ka ba su baya, su toshe maka hanya, su matse ka a tsakaninsu. Yaya Tunau ne ya gano ba sa motsi muddin ana kallonsu, sai muka ɗaure ƙugunmu da rawani ɗaya, baya da baya, shi yana duban gaba ni ina duban baya, har muka fita. Mun kuma ƙetare wani kwari da gaggafa masu girman raƙumi ke farauta da kunne, muka naɗe ƙafafunmu da tsumma muka wuce ba wanda ya yi ko tari. Daga nan muka iso bakin wani tafki shuɗi, ga Kalambaru a tsakiyarsa, farar ganuwa tana ƙyalli.

An tarbe mu da fara'ar da ban taɓa gani ba. Aka ba mu abinci, aka wanke mana ƙafa. Sai da muka ƙoshi sannan mai tsaron ƙofa ya zauna gabanmu, ya yi mana bayani da harshen fatake, wanda muke ji daidai gwargwado.

Ya ce, "Nan garin ba a haifi kowa ba, duk zuwa muka yi kamarku. Muna da wani marmaro, wanda ya sha ruwansa ya manta da sunansa, da garinsu, da duk wanda ya bari. Shi ya sa ba mu da kewa, ba mu da makoki. Baƙo ba ya fita sai ya sha, in ya sha kuma ba ya son fita. Gobe in an buga tambarin la'asar, babbanku zai sha."

Na miƙe zumbur, hannuna a kan wuƙa. Tunau ya riƙe mini riga. Ya tambayi mutumin cikin natsuwa ko babu wata hanya.

"Akwai tabarma," in ji shi. "Ƙaramin yana iya zama ya buga karta da Magajiyar gari. In tambari ya same shi da tsakuwa fiye da ta kowa, ya faɗi abu ɗaya a ba shi. In ba haka ba, ku biyu za ku sha."

Ban taɓa riƙe karta ba a rayuwata. A garinmu mai caca ko gaisuwar kirki ba ya samu. Amma aka wuce da Tunau ina kallo, ya waiwayo yana murmushi ya ce, "Ka dai rage huci, Nomau, kada ka hure musu kartar."

Al'adarsu ce a ba mai ƙalubale wanda zai koya masa wasan. Ni aka ba ni wata tsohuwa mai suna Inna Yalwa, wadda ta tsufa tana raba karta. Da na dubi kuncinta gabana ya faɗi, domin zanen da ke fuskarta irin na mutanen ƙasarmu ne. Na gaishe ta da harshenmu. Ta dube ni kawai, ba ta gane ko kalma ɗaya ba.

Ta baje kartar a kan buzu ta ce, "Zauna, ɗan nan, rana ba ta jiranmu. Foka ake ce wa wasan. Gida huɗu ne: wata, takobi, dabino, kifi. Kowane gida daga biyu zuwa goma, sai Yarima, sai Sarauniya, sai Sarki, sai Tilo a samansu duka. Za a ba ka karta biyu a rufe, naka ne kai kaɗai. Za a buɗe biyar a tsakiya, na kowa da kowa: uku a tare, sannan ɗaya, sannan ta ƙarshe. Cikin bakwai ɗin nan ka zaɓi biyar da suka fi ƙarfi, su ne hannunka."

Ta shiga jera mini hannuwan daga na ƙasa. Biyu masu lamba ɗaya tagwaye ne. Tagwaye biyu sun fi su, 'yan uku sun fi tagwaye biyu. Biyar masu bin juna a lamba, jerin gwano ke nan, ya fi 'yan uku. Biyar 'yan gida ɗaya sun fi jerin gwano. Sai goyo, wato 'yan uku da tagwaye a hannu ɗaya, sai 'yan huɗu, sai jerin gwano na gida ɗaya, wanda ta ce tun da take rabo ba ta gan shi ya fi a ƙirga da yatsu ba. Ta sa na maimaita har bakina ya bushe, duk inda na kuskure ta ɗana mini karta a goshi.

Sannan ta zubo tsakuwa baƙaƙe masu santsi, waɗanda ba sa sayen ko ƙuli a wajen tabarma. Ta ce kafin a raba, mutum biyu na hagun mai rabo sukan yi ɗan zubi ba tare da sun ga komai ba, don a sami abin yi wa faɗa. Bayan nan ana zubi kafin buɗe ukun farko, da kuma bayan kowace buɗewa. In magana ta zo kanka, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka kife kartarka ka haƙura da abin da ka riga ka sa. In ba wanda ya zuba, kana iya cewa ka wuce. Wanda kowa ya kife ya bar shi, tulin nasa ne, ba mai tambayarsa abin da ke hannunsa.

Na ce, "To Inna, ai ke nan mai banzan hannu ma yana iya ci."

"Yanzu ka fara hankali," in ji ta. "Amma kai ba wannan zan koya maka ba, na ga idonka. Kai kifewa za ka koya. Yawancin abin da za a ba ka shara ce, ka kife, kada ka ji kunya. Ka fi shiga in kai ne na ƙarshen magana, don ka riga ka ga abin da kowa ya yi. Kada ka zuba da yawa kana jiran karta ɗaya ta cece ka, sai in tulin ya kai a yi masa kasada. In kuma za ka yi ƙarya, ta zama ƙaryar da kartar tsakiya za ta yi maka shaida."

Har na fara jin ƙarfin gwiwa, sai ta buɗe wani kwando ta fito da hawainiya. Ta ɗora mini ita a kafaɗa, ta ɗaure zarenta a wuyana. Nan take dabbar ta yi ja wur.

"Ba mai zama tabarma sai da ita," ta ce. "Tana jin zuciyar mai ita. Ja tsoro ne, kore murna, rawaya shakka. Ka ga taka?" Ta girgiza kai. "Ɗan nan, ka sanyaya ranka, in ba haka ba tun kafin azahar an gama da kai."

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmar a dandalin gari, kusa da wani dogon ginshiƙi. Idan inuwarsa ta taɓa dakalin makaɗi, a buga tambari. Mutane sun cika maƙil. A gefe guda, daidai inda idona zai riƙa faɗawa, aka zaunar da Tunau a kan kilishi, ga ƙoƙon ruwan an ajiye a gabansa. Ba mugunta ce ta sa suka ajiye masa tun da wuri ba. A wurinsu karamci ne, ko zai so ya huta kafin lokaci.

Mu biyar muka zauna, Inna Yalwa tana rabo. Biyu kawai zan ambata. Akwai wani ƙaton mahauci, Ɓaidu, mai dariya kamar ana tuƙa tuwo a babbar tukunya. Sai Magajiya Lantana, doguwa, siririya, wadda hawainiyarta ke kwance launin toka, ko gezau. Me zai tsorata matar da ba ta tuna kowa ba?

Na bi maganar Inna. Aka ba ni bakwai da biyu, na kife. Aka ba ni tara da huɗu, na kife. Na yi ta kifewa har 'yan kallo suka fara yi mini ba'a, Ɓaidu ya ce, "Baƙo, in barci ka zo yi a kawo maka matashi." Raina ya ɓaci, wuyana ya yi zafi, amma na dubi ƙoƙon na danne. Ina zaune ina lura. Na gane Ɓaidu ba ya kifewa ko me aka ba shi, kuma ba ya duban hawainiyar kowa, ya fi son jin ƙarar tsakuwarsa. Da na sami Sarki biyu ina na ƙarshen magana, na ƙara, ya bi. Wani Sarkin ya fito a tsakiya, na ƙara, ya bi. Ya bi ni har ƙarshe da tagwayen shida, na kwashe rabin abin da ke gabansa. Kafin rana ta yi tsaka na ƙarasa shi, Magajiya kuma ta share sauran biyun.

Muka rage ni da ita, nan ne na gane wasa ban fara ba tukuna.

Matar nan ba ta ko duban fuskata, kafaɗata take kallo. In na ɗaga kartata na ga abin kirki, sai na ji ɗan sanyi a raina, jan ya fara sirkawa da kore, ita kuwa ta kife tun kafin in buɗe baki. In na ga shara, sai in tuna tsohuwarmu tana jiran 'ya'ya biyu a bakin zaure, jan ya ƙara turnuƙewa, ta turo tsakuwa, ni in kife. Na gwada ƙarya sau ɗaya, na ƙara da babu komai. Ta bi ni ba ta ko yi tunani ba, ta cinye ni da tagwayen uku. Na gwada rufe ido ina karanta abin da na sani na addu'a. Na gwada cizon harshe. Dabbar nan ba ta da kunya ko kaɗan, abin da ke cikina take faɗa wa duk garin.

"Kana wasa da kyau, baƙo," in ji Magajiya. "Nauyi ne ya yi maka yawa. Gobe war haka za ka ji daɗin zama."

Da ba don zaren da ke wuyana ba, da na shaƙe hawainiyar nan. Tulina yana raguwa kaɗan-kaɗan, nata yana tashi, inuwa tana rarrafe zuwa dakali. Duk sanda na ɗaga kai sai in ga Tunau, ya daina murmushi. Shi ma kafaɗata yake kallo.

Saura kamar kamu ɗaya inuwa ta isa, aka ba ni Yariman takobi da goma ta dabino. Magajiya ta ƙara, na bi. Inna ta buɗe uku: Sarauniyar wata, tara ta wata, huɗu ta kifi. Na lissafa a raina. Tara, goma, Yarima, Sarauniya. In Sarki ko takwas ta fito, na yi jerin gwano. Hawainiyata ta yi rawaya. Magajiya ta zuba, na bi. Ta huɗu ta fito, biyu ta takobi, ba ta amfane ni da komai ba. Magajiya ta turo tsakuwa mai yawa, fiye da abin da ya kamata mai jiran karta ɗaya ya biya. Na san Inna ta hana. Na ga ma ta ɗan runtse ido. Amma in na kife, tazarar ta yi nisan da ba zan cike ba kafin tambari. Na bi.

Inna ta ɗora yatsa a kan ta ƙarshe, ta juya ta.

Uku ta wata. Ba Sarki, ba takwas. Ba ni da ko tagwaye.

Daidai lokacin nan na ji muryar Tunau, da harshenmu na gida, wanda ba mai jinsa a garin sai ni.

"Nomau. Wannan jan da ke kafaɗarka ni ne. Muddin ina nan da hankalina, matar nan tana ganin cikinka, mu biyu za mu sha. Bari in sauke maka."

"Yaya, kada ka..."

"Ka san hanya. Ka kai ni gida wajen tsohuwarmu."

Ya ɗaga ƙoƙon da hannu biyu ya shanye.

Mutane suka ɗan yi guɗa suna yi masa barka, kamar yadda ake yi wa wanda ya yi atishawa. Magajiya ko waiwayawa ba ta yi ba. A wurinta mutum ya sha ruwa, shi ke nan, me ya haɗa wannan da karta? Ni kuwa ina kallon wana yana ajiye ƙoƙon, yana goge baki, yana duban jama'a da fara'ar baƙo. Idonsa ya bi ta kaina ya wuce, bai tsaya ba. Tsoron da ke cina tun jiya ya fita fit, domin abin da nake tsoro ya riga ya faru. Wani abu mai nauyi ya zauna a wurinsa.

Sai na ji 'yan kallo suna ja da baya suna gunaguni. Na dubi kafaɗata. Hawainiyar ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Ba su taɓa ganin wannan launi ba. Ina za su gan shi, a garin da ba wanda ya taɓa rasa wani ya tuna? Magajiya ta dubi dabbar, ta dubi karta ukun nan 'yan gidan wata da ke tsakiya, ta sake duban dabbar. A karo na farko tata ta motsa, rawaya ta ɓullo mata a wuya.

"Na wuce," ta ce.

Ba zan yi muku ƙaryar wayo ba, ban tsara komai ba. Abu ɗaya na sani, Tunau ya biya da duk abin da yake da shi, ba zan bar shi ya tafi a banza ba. Na sa hannu biyu na tura tsakuwata duka tsakiya.

Magajiya ta zuba wa tulin ido. Sannan ta fara magana a hankali, kamar da kanta take yi. "Ka bi ni a uku, ka bi ni a ta huɗu, kana shakka. Jira kake. Wata ya faɗo, tsoronka ya tafi a lokaci guda." Ta ɗago ido. "Wata biyu ne a hannunka, baƙo? Wannan launin na wanda ya tabbata ne?"

Na mai da idona kan Tunau.

Ta dubi inuwar. Akwai sauran abin da zai isa rabo biyu ko uku, ga ta da mutumin da ta wuni tana karanta shi. In ta bi ta faɗi, na yi mata nisa. In ta haƙura, kaɗan zan fi ta. Ta buɗe kartarta don kowa ya ga irin abin da take iya bari: Sarauniya biyu, da ta tsakiya uku. Ta kife su.

Na jawo tulin, na tura kartata cikin sauran a rufe. Aka sake rabo. Ban ko ɗaga abin da aka ba ni ba, na kife, na bar mata ɗan zubin farko. Aka sake, ta ƙara da ƙarfi tana kallona, na kife. Yanzu ta gane, hawainiyarta ta yi ja har wutsiya. Ta ce wa Inna ta yi sauri, tsohuwar kuwa ta ci gaba da cakuɗa karta yadda ta saba, ba ta ƙara ba ta rage ba. Kafin a gama rabo na uku, tambari ya yi ƙara.

Aka zuba tsakuwar kowa a ƙwarya iri ɗaya. Tawa ta ɗara tata da kaurin yatsa.

Magajiya ta miƙe ta ce, "Ka ci. Faɗi abu ɗaya." Kafin in yi magana ta sa aka kawo wani buhu, ta kwance bakinsa, ga geron nan jajir yana sheƙi. "Na san abin da ya kawo ku. Wancan mutumin ya zama namu, bai san ka ba, kuma ba abin da ke damunsa. Wannan kuwa zai ciyar da garinku. Ka yi tunani."

Na yi tunanin, kada ku ce ban yi ba. Na tuna rumbunan Tudun Maje, na tuna yaran da muka bari. Har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata a garinmu saboda abin da na zaɓa, ban kuma ce ba su da gaskiya ba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, wana za a ba ni."

Aka kwance mini zaren, aka sa mu a kwalekwale. Tunau ya shiga ba musu, ya zauna a gaba yana wasa da ruwa da hannunsa. Harshenmu bai ɓace masa ba tukuna, ban san ko don bai daɗe da sha ba ne. Sai da ganuwar ta yi nisa ya juyo gare ni cikin ladabi.

"Malam, an ce kai ne ka ci wasan nan na yau."

Na ce ni ne.

"Madalla. To me aka ba ka?"

Na ce, "Kai."

Ya dubi tsohuwar rigarsa, ya dubi faso a ƙafafunsa, sai ya fashe da dariya, dariyar nan tasa da na sani tun ina goye. "Kai, Malam, lalle sun cuce ka."

Na juya fuskata wajen ruwa na ci gaba da tuƙi. Can ya taɓa gwiwata ya tambaye ni sunana. Na faɗa masa. Ya maimaita shi a hankali, ya sake maimaitawa, ya ce zai yi ƙoƙari ya riƙe.